Indomin mota: Dukiyar da ake yanke wa ƴan kasuwar Adar ba su sani ba

Duk ɗan kasuwa ko ƴar kasuwar da ke cin kasuwannin ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Tunfafi, daga Buza zuwa Karofan, ko daga Keita zuwa Tamaske, ya san babu abin da ke cinye riba kamar kuɗin mota. Albasa ce, tumatir ne, wake ne ko bisashe, sai an ɗora su a mota kafin su zama kuɗi. Shi ya sa masu ɗan hali, maza da mata, ke ƙoƙarin sayen motar kansu, ko su haɗa jari su sayi Hiace ko akori-kura su ba direba yana kawo musu balas.

To sai dai akwai wani ƙarfe guda a ƙarƙashin motar nan wanda galibin masu motocin ba su taɓa gani ba, alhali kuwa cikinsa akwai abin da ya taɓa fin zinare tsada. Masu jin Faransanci na kiransa katalizar. Kanikawan Najeriya kuwa suka laƙaba masa suna indomi, saboda idan aka fasa shi abin da ke ciki ya yi kama da dunƙulen taliyar nan ta yara, kuma sunan ya bi kayan gyara ya tsallako iyaka. Ana sace shi, ana musanya shi da na jabu, wani lokaci ma da bakin mai motar ake cire shi a ce masa ba ya da amfani. Wannan makala za ta yi bayanin ko mene ne shi, me doka ta ce a kansa, da yadda mutum zai bambance nagari da na banza idan canji ya kama.

Mene ne indomi, kuma me yake yi?

Idan aka bi bututun hayaƙi daga inji zuwa baya, kafin a kai ga tukunyar salansa mai kashe ƙara, za a tarar da wani kumburarren gwangwani na ƙarfe. A cikinsa akwai gasasshen yumɓu mai dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma. An shafe bangon ƙofofin nan da ƙurar wasu ƙarafa uku masu daraja: filatinom, faladiyom da rodiyom. Dukansu giram kaɗan ne, amma su ne ke yin aikin.

Injin fetur na fitar da guba iri uku. Ta farko ita ce iskar kabon monoksaid, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ta biyu ɗanyen man da bai gama ƙonewa ba, wanda shi ne ke sa ido yaji. Ta uku iskar naitirojin oksaid mai ƙona maƙogwaro da huhu. Idan hayaƙi ya ratsa saƙar nan tana da zafi, wato daga awo 300 zuwa sama a ma'aunin zafi, sai ƙarafan su juya gubar ta koma tururin ruwa da iskar da ba ta cutar da mai shaƙa nan take. Indomi mai lafiya a jikin inji mai lafiya yana kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan guba.

Amurka ce ta fara sa shi a motocinta a 1975, bayan dokar tsabtace iska ta 1970. A Turai kuwa, ma'aunin da ake kira Euro 1, wanda ya fara aiki a 1992, shi ne ya tilasta wa masu ƙera motocin fetur sa shi. Daga nan aka riƙa tsananta ma'aunin: Euro 2 a 1996, Euro 3 a 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2009, Euro 6 a 2014. Ma'ana, kusan duk motar fetur ƴar gwanjo da ta fito daga Turai ko Amurka wadda aka ƙera daga 1993 zuwa yau, da indominta ta bar masana'anta. Tsofaffin Fijo 504 masu kafireta da tsofaffin manyan motocin gazuwal da ke jigilar buhunan albasa, su dama galibinsu ba a yi su da shi ba.

Abin da ya sa ɓarayi ke nemansa

Ƙarafan nan uku ba ko'ina ake haƙo su ba. Afirka ta Kudu ce ke samar da mafi yawan filatinom da rodiyom na duniya, Rasha kuma na kan gaba wajen faladiyom. A watan Maris na 2021 farashin rodiyom ya kai wajen dala 29,000 ta Amurka a kan awo guda mai nauyin giram 31. Idan aka buga lissafi, giram ɗaya tak ya kai kusan rabin miliyan na sefa a wancan lokaci. Faladiyom shi ma ya haura dala 3,000 a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. A 2023 farashin ya faɗo ƙwarai, amma bai faɗi yadda za a bar sana'ar ba.

Gaskiya ne rodiyom ɗin da ke cikin indomin ƙaramar mota ɗan kaɗan ne, sau da yawa ko giram guda bai cika ba. Amma masu sayen tsofaffin ƙarafa tarawa suke yi, su daka saƙar ta zama gari, a cika buhuna a fitar waje inda ake narkewa a tace. A Amurka kaɗai an kai rahoton satar indomi sama da 64,000 a shekarar 2022. Idan ƙasar da ke da kyamara a kowane lungu ta sha haka, ina ga motar da ke kwana a tasha ko a gareji babu mai tsaro?

Wani abin lura shi ne, ba a nan gida kaɗai ake yankan ba. A watan Oktoba na 2020 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na gwanjo miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka aka kawo su. A wannan shekarar ce masu binciken gwamnatin Holan suka duba motocin da ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Afirka, suka tarar galibinsu sun kai shekara 16 zuwa 20, wasu kuma tun can an riga an yanke musu indomi. Daga nan motar za ta sauka a Kwatano ko Lome, ta yi makonni a filin sayar da motoci, ta bi hannun dillalai da direbobin da ke koro ta, kafin ta iso Ƙonni ko Madawa. A kowane zango akwai mai iya shiga ƙarƙashinta da zarto. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya da dama suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, zangon ma ya ƙaru.

Me doka ta ce?

Idan ba a manta ba, a watan Fabrairu na 2020 ministocin muhalli da na makamashi na ƙasashe 15 na CEDEAO sun yi taro a Wagadugu, kuma a lokacin Nijar na cikin ƙungiyar. Sun amince cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita, sabuwa ko ta gwanjo, dole ta cika ma'aunin Euro 4. Sun sa iyakar shekara 5 ga ƙananan motoci da shekara 10 ga manya, tare da ba ƙasashe wa'adin shekara 10 su kai ga hakan. Sun kuma ce farar wutar da ke cikin man da ake shigowa da shi kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, matatun cikin gida kuma aka ba su zuwa 2025 su gyara. Motar da aka yanke wa indomi ba za ta taɓa cika ma'aunin Euro 4 ba, ko da jiya aka ƙera ta.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Amma Togo da Benin da Najeriya, inda motocinmu da kayan gyaranmu ke biyowa, suna ciki. Abin tsoro a nan shi ne, duk ranar da maƙwabta suka matsa wajen aiki da ma'aunin, motocin da suka ƙi karɓa za su nemi inda ba a dubawa. A gida muna da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disambar 1998, wadda ta yi magana a kan kare iska daga gurɓata. Sai dai kowa ya san abin da ake tambaya a kan hanya: lasisin tuƙi, kart giris, inshora da takardar bizit teknik. Da wuya ka ga an durƙusa an leƙa ƙarƙashin mota. Ke nan mai mota shi ne jami'in binciken kansa.

A ƙasashen da abin ya fito kuwa, hatta indomin canji doka ce ke tafiyar da shi, kuma sanin wannan zai taimaki mai saye a nan. A Amurka, kamfanin da ya ƙera mota dole ya ba da garantin shekara 8 ko tafiyar kimanin kilomita 129,000 a kan indomin asali. Na canji da wasu kamfanoni ke yi bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya ta 1986, garantin aikinsa kimanin kilomita 40,000 ne kacal. Jihar Kalifoniya ta ga wannan bai isa ba, tun 2009 ta ce sai wanda zai yi shekara 5 ko kilomita 80,000, a kuma buga masa lambar izini a jiki. Ta kuma haramta sayar da tsohon da aka ciro daga wata mota. A Turai, na canji da aka amince da shi yana ɗauke da harafin E a cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta gwada shi, kamar 1 ga Jamus, 2 ga Faransa, 6 ga Beljiyam, sannan lamba mai farawa da 103R. Tazarar da ke tsakanin kilomita 129,000 da 40,000 ta isa ta nuna cewa ko a cikin na halal ma akwai daraja hawa-hawa. Bambancin kuwa bai wuce yawan ƙarafan da aka shafa a ciki da ingancin saƙar ba.

Iri biyar da ke kasuwa

Duk wanda ya je neman indomin canji, ko a Maraɗi, ko a Katako ta Yamai, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan za a miƙo masa.

Na farko sabo dal na kamfanin da ya ƙera motar. Shi ne mafi inganci, shi ne kuma mafi tsada, har wani lokaci kuɗinsa ya kusa kuɗin tsohuwar motar kanta. Ba kasafai ake samunsa a kanti ba sai an yi oda.

Na biyu sabo na wani kamfani dabam amma mai hatimin gwaji, irin wanda muka ambata a sama. Bai kai na farko daɗewa ba, amma yana aiki, muddin an ɗauko wanda ya dace da girman injin. Indomin ƙaramar mota ba zai iya da hayaƙin Land Cruiser ba. Haka nan motar da aka ƙera wa Amurka da takwararta ta Turai, ko da sunansu ɗaya, ba lallai indominsu ya zo ɗaya ba.

Na uku na asali amma na gwanjo, wanda ake kira Beljiyam. Shi ne akasarin mutanenmu ke saye. Idan an dace da wanda saƙarsa ke nan lafiya, ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Idan ba a dace ba, an sayi gajiyar wani. Kada a yarda da cinikin biri a sama: a haska tocila ta baki ɗaya a leƙa, saƙar ta kasance a jere, ba fashewa, ba narkewa, ba toshewa da baƙin toka, kuma idan an girgiza kada a ji ƙaras-ƙaras.

Na huɗu sabo mai sheƙi, mai araha, marar suna marar hatimi, wanda ake cewa yana shiga kowace mota. Saƙa na nan a ciki, ido zai gani, amma ƙarafan da ke aikin ko dai an ɗan barbaɗa ne kawai ko babu su sam. Zai ɗan rufe ƙara, wataƙila fitilar gargaɗi ta mutu na ƴan makonni, daga baya a koma gidan jiya. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce farashi. Idan kuɗin sabon da ake tallata maka bai kai abin da masu sayen tsofaffin ƙarafa ke biya a kan mataccen na asali ba, to ka tambayi kanka me ke ciki. Araha dai ba ta ado.

Na biyar shi ne gwangwani fanko: an farke na asalin, an kwashe saƙar, an mayar an like da walda an shafa toka don kada a gane. Wasu ma bututu kawai suke jonawa. Wannan ba canji ba ne, sata ce da aka yi wa lulluɓi.

Gaskiyar maganar shan mai da ƙarfin mota

Magana biyu ke yawo a tashoshi. Wasu na cewa idan an cire indomi mota na ƙara gudu. Wasu kuma na cewa da an cire shi mota za ta riƙa shan mai kamar rijiya. Kowanne akwai ƙanshin gaskiya, amma ba a faɗe ta duka ba.

Indomin da ya narke ko ya toshe yana shaƙe inji, kamar a toshe wa mutum hanci a ce ya hau dutse da kaya. Motar za ta kasa hawan tudu, abin da duk direban da ke bin duwatsun Buza da Keita zai gane nan da nan, ta riƙa zafi, ta riƙa shan mai. Idan aka cire wannan, dole a ji ta saki. Amma lafiyayyen indomi ba ya rage ƙarfin da za a lura da shi, don haka cire shi ba ya ƙara komai sai ƙara da wari.

Game da shan mai kuwa, a jikin bututun akwai wasu ƴan na'urori masu shaƙar hayaƙi da kanikawa ke kira sansa. Motocin Amurka daga 1996 da na fetur na Turai daga 2001 suna da ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa. Ta gaba ce ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan man da za ta saki, ta baya kuma tana duba ko indomin na aiki. Ɓarawo mai sauri ba ya tsayawa kwance waya. Yakan yanke ta ko ya tafi da sansar gaba ɗaya. Idan ƙwaƙwalwa ta daina jin labari daga ta gaba, sai ta riƙa sakin mai fiye da kima. A nan ne asarar take.

Mu ɗauki misali don lissafi. A ƙaddara mota na cin lita 12 a kilomita 100, ta koma cin 14. Idan tana yin kilomita 200 a rana, kwana 5 a mako, an yi asarar lita 20 ke nan kowane mako, wajen lita 1,000 a shekara. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a watan Yulin 2024, wannan ya kusa jika 500. Buhun albasa nawa Hajiya za ta sayar kafin ta ci ribar jika 500?

Abubuwan da ke kashe shi

Indomi ba ya mutuwa haka kawai; kusan kullum wani ciwo ne a inji ke kashe shi. Shi ya sa wanda ya sa sabo bai gyara injin ba, ya zuba ruwa a rariya. Idan buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, ya mutu, ɗanyen fetur na gangarawa ya kama da wuta a cikin saƙar har ta narke. Yawan tayar da mota da turi ma yana jawo haka. Injin da ke cin baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, tokarsa na rufe ƙarafan. Haka idan gaskit ya ƙone ruwan lagireto na shiga inji.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙasarmu musamman. Dutse na iya bugun gwangwanin ya fasa saƙar. Da damina, idan mota ta taho da zafinta ta faɗa ruwan ƙorama, sanyin farat ɗaya na iya tsaga yumɓun kamar yadda tukunya mai zafi ke tsagewa. Direba ya ɗan dakata motar ta huce kafin ya tsallaka. Sannan a kiyayi ajiye mota bisa busasshiyar ciyawa, harawa ko karan hatsi, domin zafin gwangwanin ya isa ya tayar da gobara, kuma kasuwanninmu cike suke da rumfunan kara.

Sai maganar mai. Darma ita ce babbar makashiyar indomi, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai darma tun farkon 2006, bisa alkawarin da suka yi a Dakar a 2001, kuma Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya a 2021. Saura farar wuta, wadda ke rage masa ƙarfi, ita ce kuma ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta auna mai a ƙasashen Afirka 8, har da Mali da Benin, ta samu gazuwal mai farar wuta ninki 378 na abin da aka yarda da shi a Turai. Bayan wannan fallasa ne Holan a 2023 da Beljiyam a 2024 suka hana fitar da irin wannan mai daga tashoshinsu. Mu a nan matatar SORAZ ta Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana aiki tun Nuwamban 2011. Man ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya ya ja baya tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023, amma ƙarancin man da aka sha a watan Maris na 2025 ya nuna cewa har yanzu kwalba da jarka ne madogarar ƙauyuka idan abu ya yi tsanani. Ba duk man kwalba ne gurɓatacce ba, sai dai wanda aka gauraya da kananzir ko ya sha ƙura da ruwa, sannu a hankali yake cin inji da indomi tare. A tace shi da ƙyalle mai tsabta, a kuma riƙe mai sayarwa guda wanda aka yarda da shi.

Wa ke shaƙar hayaƙin?

Wata za ta ce ni da ba ni da mota ina ruwana? Ai ke ce abin ya fi shafa. Mai mota na gida, direba na gaba, bakin salansa kuwa na baya, daidai fuskar mai tuyar ƙosai da mai fura da mai tallar dafaffen ƙwai da ke zaune a bakin tasha tun safe har la'asar, da goyonta a baya. Iskar kabon monoksaid tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamunta su ne ciwon kai, jiri da kasala, waɗanda sau da yawa ake ɗora wa rana ko zazzaɓi. Mai juna biyu, jariri da mai ciwon asma su suka fi jin jiki. Waɗanda ke zama a bayan akori-kura bisa kaya su ma suna sha, balle idan waldar da aka yi tana yoyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, kuma tun 2012 cibiyarta ta binciken sankara ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Ba za mu ce mota ce kaɗai matsalar Adar ba. Ƙurar hunturu da hayaƙin icen girki sun fi ta yawa a ƙauyukanmu. Amma ƙura daga Allah take, wannan kuwa da hannu ake yanke maganinsa a sayar. Mata masu sana'a a tasha na da haƙƙin su nemi shugabannin tasha su sa direbobi kashe inji lokacin lodi, su kuma juya bayan mota nesa da masu abinci. Wannan ba ya cin ko dala.

Kafin ka biya, kafin ka ba da makulli

Mai sayen mota, namiji ko mace, ya je da bakaniken da ya amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. A hau rami ko a ɗaga motar a duba gwangwanin: sabuwar walda a jikin tsohon ƙarfe alama ce. Idan ya huce a ƙwanƙwasa shi. Mai saƙa ƙararsa a dushe take, fanko kuwa yana amsawa kamar garwar da ba kowa. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: ƴar fitilar nan mai siffar inji dole ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Idan ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne don ɓoye laifi. Inda akwai mai kwamfutar duba mota, a jona. Lambar P0420 na nufin indomi ba ya aiki yadda ya kamata. Idan aka tarar babu shi, ba dole a fasa ciniki ba, amma a rage kuɗinsa daga farashi.

Wanda kuma motarsa ke da shi, ya ɗauki hotonsa da salula, ya sa a buga lambar motar a jikinsa, ya nuna wa direba da yaron mota cewa ya san da zamansa. Kanikawa da yawa mutanen kirki ne masu cin guminsu, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka ce maka ya toshe sai an cire, ka ce a nuna maka, ka tambayi abin da ya toshe shi, a gyara wannan tukuna. Kuma ko ya mutu murus, tsohon naka ne, kuɗi ne. Ka karɓi abinka ka sayar da kanka ka cika ka sayi wani. Wajen saye a nemi rasit mai ɗauke da sunan kayan da sharaɗin mayarwa idan fitila ta sake kamawa.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen gyaran muhallinsu. Tun 1975 manoman kwarin Majiya a ƙasar Buza suka fara dasa layukan bedi don tare iska, kuma daga 1984 matan Keita ne suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da ƙasar da ta mutu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Waɗanda suka yi wannan ba za su kasa durƙusawa su leƙa ƙarƙashin motar da suka saya da guminsu ba. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.